Shildon, Inda Aka Yanke wa Jirgin Ƙasa Cibiya

Kakana na wajen uwa fita ne, wato makanikin jirgin ƙasa, a Loko ta Zariya, inda ake ajiye kawunan jirgi a gyara su, kuma abin da na fi tunawa a jikinsa shi ne tafin hannunsa, wanda baƙin mai ya bi tsagoginsa ya zauna daram, ta yadda ko alwalar salloli biyar ba ta iya fitar da shi. Ya yi ritaya tun kafin a haife ni, ya koma gyaran injin niƙa a ƙofar gida, amma bakinsa bai rabu da zancen kan jirgi ba har Allah Ya karɓi abinsa. Yakan yi maganarsu ne kamar yadda mai doki yake maganar dawakinsa, ya ce wane mai gardama ne da sanyin asuba, wane kuwa ba ya ƙoshi da kwal. Saboda haka da karatu ya kai ni birnin Newcastle a arewa maso gabashin Ingila, na kuma ji cewa akwai wani ƙaramin gari mai suna Shildon a nan kusa, wanda daga cikinsa ne kan jirgi mai tururi ya fara jan jama'a a kan layin dogo na kowa da kowa, sai na ƙudura a raina cewa ba zan bar ƙasar ba sai na taka shi da ƙafata.

Wata Asabar ta watan Oktoba na 2024 na yi sammako. Daga Newcastle zuwa Darlington tafiyar kusan rabin awa ce a babban jirgi, a can kuma na sauya zuwa wani ƙarami mai tarago biyu da ke zuwa Bishop Auckland, wanda galibin fasinjojinsa tsofaffi ne masu jakunkunan cefane da 'yan samari masu kunne a toshe. Ba wanda ya ɗaga kai lokacin da muka haye gadar kogin Skerne jim kaɗan da barin tasha, alhali kuwa gadar dutse ce da aka gina a 1825, ita ce gadar jirgi mafi tsufa a duniya da ba a taɓa daina bi ta kanta ba, har ma an taɓa buga hotonta a bayan takardar fam 5 ta Ingila. Ni ma da ban san da ita ba tun daga gida da ban lura ba, domin ƙetarewar ba ta wuce ƙiftawar ido ba. Muka tsaya a Heighington, wurin da aka fara ɗora kan jirgin nan na farko a kan dogo bayan an jawo shi da dawakai ta hanyar ƙasa daga Newcastle, kuma daura da wurin ne kamfanin Hitachi ya buɗe masana'antar haɗa jiragen zamani a 2015. Minti ashirin ko ƙasa da haka daga Darlington, sai ga mu a Shildon.

Tashar ba ta da wani kwarjini. Dandamali biyu ne da gadar masu tafiya a ƙasa da wani tsohon ɗakin sigina na jan bulo, kuma mu huɗu kacal muka sauka. Garin yana da mutum wajen dubu 10 a yau, amma a ƙidayar 1801 mazaunansa wajen ɗari ne kacal, kuma ɓangaren da tashar take fadama ce a wancan zamani. Abin da ya sauya masa ƙaddara shi ne kwal ɗin da ke kwance a ƙarƙashin tuddan yamma da shi. Kwal ɗin yana da yawa, masu sayensa kuwa suna can gabas a Darlington da Stockton ta bakin kogin Tees, kuma kafin ya isa gare su a bayan dawakai da amalanke kuɗin dako ya riga ya ninka farashinsa. Wani attajirin ulu na Darlington mai suna Edward Pease, ɗan ɗariƙar Kiristoci ta Quaker, shi ne ya ja gaban masu zuba jari don a shimfiɗa dogo, kuma niyyarsu ta farko ita ce dawakai su riƙa jan taragun. Injiniya George Stephenson ne ya shawo kansa aka saka injin tururi cikin lissafin.

Daga tashar, hanya ta rabu biyu. Hannu ɗaya yana kaiwa ga manyan rumfunan zamani inda aka tara jiragen, ɗayan kuma yana kaiwa ga tsofaffin gine-gine. Na fara da rumfunan saboda iska mai sanyi da ke kaɗawa. Sunan gidan tarihin Locomotion, an buɗe shi a 2004, ba a biyan ko kwabo a ƙofa, kuma a watan Mayu na shekarar da na je aka ƙara masa rumfa ta biyu, wadda ta kai adadin jirage da taragun da ke ƙarƙashin rufi kusan 100, tarin da babu kamarsa a Turai. Sai dai asalinsa ba wannan girman ba ne. Tushensa ƙaramin gidan tarihin gari ne da aka buɗe a 1975 a cikin gidan wani maƙeri mai suna Timothy Hackworth, kuma duk da cewa yanzu reshe ne na babban gidan tarihin jiragen ƙasa na Birtaniya da ke York, wanda ya saurari masu aikin sa-kai da ke tsaye a gindin jiragen zai gane cewa har yanzu a wurinsu gidan Hackworth ne.

Kan jirgin da aka ba wa gidan sunansa, wato Locomotion mai lamba 1, shi na fara nema. Na yi zaton zan ga wani dodo, sai na tarar da abin da bai fi tsawon ƙaramar motar ɗaukar kaya ba. Tukunyarsa doguwa ce a kwance, an lulluɓe ta da katako kamar ganga don kada zafi ya tsere, bututun hayaƙinsa ya lanƙwaso daga gaba ya miƙe sama, silindoji biyu kuma suna tsaye a cikin bayan tukunyar, da wani tarkacen sandunan ƙarfe a samansu masu kama da masaƙa, waɗanda suke sauko da ƙarfin fistin zuwa ƙafafu huɗu. Babu ɗakin direba, babu rufi, babu kujera. Direba yana tsayawa ne a kan wani siririn katako a gefen tukunya, kansa dab da sandunan nan masu hawa da sauka, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Na daɗe ina duban katakon nan, ina tuna yadda kakana yake cewa fayaman, mai zuba wa injin kwal a wuta, ba ya tsufa da gira.

Ranar 27 ga Satumba, 1825, aka haɗa wa wannan inji kaya a bakin wata mashaya ta garin mai suna Masons Arms. Taragun kwal ɗin sun iso ne daga mahaƙa ta hanyar da ta fi ban mamaki, domin akwai tudu a Brusselton wanda babu kan jirgin da zai iya hawa a lokacin, don haka aka girke inji a ƙolinsa yana jawo taragu da igiya ta gefe ɗaya yana sassauta su ta ɗaya gefen. Daga Shildon ne ƙasa ta daidaita har kan jirgi ya iya karɓar aiki, kuma wannan ne dalilin da ya sa gari ya tsiro a wurin. An shirya wa mutum 300 wuri, amma waɗanda suka ɗare taragun sun kai tsakanin 450 zuwa 600, wasu a zaune kan kwal, manyan kamfani kuma a cikin tarago guda mai rufi da aka sa wa suna Experiment. Stephenson ne ya tuƙa, wani mahayin doki riƙe da tuta yana gaba yana share hanya. A wasu wurare gudun ya kai mil 15 a awa, amma da tsaye-tsayen da aka yi, ciki har da na wani tarago da ya sauka daga dogo, sai da aka shafe awa biyu kafin a ci mil 8 da rabi zuwa Darlington, inda aka raba wa talakawa kwal na tarago shida. Cikin 'yan watanni farashin tan ɗaya na kwal a Stockton ya sauko daga sule 18 zuwa sule 12, kafin farkon 1827 kuma ya koma sule 8 da sisi. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, bayan wannan biki fasinjoji sun koma hannun dawakai, su suka ci gaba da jan taragun mutane a kan dogon har zuwa 1833, injin tururi kuwa aka bar shi da dakon kwal.

Ina cikin karanta allon bayani wani dattijo mai rigar masu aikin sa-kai ya matso, ya tambaye ni daga ina nake, da na ce daga Najeriya kuma jikan fita ne, sai ya ce in bar allon in sunkuya in dubi ƙafar jirgin. Na durƙusa. Ƙafar ta baƙin ƙarfe ce na zubi, amma ba guda ɗaya ba ce, gida biyu ce, ta ciki da ta waje, an haɗa su da turakun katako da aka dandaƙa cikin ramuka a kewaye. Ya bayyana mini cewa ƙafafun da aka fara sa wa injin sun riƙa fashewa, ɗaya ma ta karye tun cikin watan farko, Hackworth ne ya fito da wannan dabara don a iya sauya zoben waje idan ya ci ba tare da an zubar da ƙafar duka ba. Ya ƙara da cewa a 1828 tukunyar injin ta fashe a can Heighington inda na wuto, ta kashe direbansa John Cree, kuma a nan Shildon aka sāke gina shi. Masu bincike da suka bi sassansa ɗaya bayan ɗaya sun gano cewa abin da ya rage a jikinsa na 1825 kaɗan ne ƙwarai. Wato abin da jama'a suke tururuwa su ɗauki hoto da shi a matsayin jirgin Stephenson, mafi yawansa aikin masu gyara ne da suka yi ta faci da sauyi shekara da shekaru.

Wannan magana ita ta juya mini yinin gaba ɗaya, domin daga nan na daina kallon jiragen a matsayin abin da aka ƙirƙira rana ɗaya, na koma neman sawun hannun waɗanda suka hana su mutuwa. Timothy Hackworth an haife shi a 1786 a Wylam, ƙauye ɗaya da George Stephenson, ɗan maƙeri ne kuma ya gāji ubansa a matsayin shugaban maƙeran mahaƙar kwal ta ƙauyen, inda ya sa hannu a ƙirar Puffing Billy, ɗaya daga cikin kawunan jirgi na farko-farko. Mutum ne mai riƙo da addininsa, ɗan ɗariƙar Methodist mai wa'azi, kuma ya bar wannan aiki ne saboda an nemi ya yi aiki ranar Lahadi ya ƙi. A 1825 aka ɗauke shi ya zama mai kula da injinan sabon layin, ya tare a fadamar Shildon da 'yan maƙera kaɗan da rumfa guda, aka danƙa masa injinan da tururinsu ba ya isa, ƙafafunsu suna karyewa, direbobinsu kuma suna ɗaure murfin tsaro, wanda ke fitar da tururi idan ya yi yawa, don su ƙara ƙarfi. Ana ba da labari a garin cewa masu kamfani sun kusa yanke ƙauna su koma ga dawakai ɗungurungum. Ko labarin ya inganta ko an ƙara masa gishiri, abin da babu jayayya a kansa shi ne a 1827 Hackworth ya fito da Royal George, inji mai ƙafa shida a haɗe, wanda yake tura tururin da ya gama aiki ta wani ƙuntataccen bututu zuwa cikin mahayaƙa don ya zuga wuta, kamar yadda zugazugi yake yi a maƙera, ya kuma sa masa murfin tsaro mai sifirin da ke buɗe kansa. Da wannan inji ne aka tabbatar cewa tururi ya fi doki arha wajen dakon kaya masu nauyi.

Dattijon ya ja ni zuwa gaban wani inji na daban, baƙi, wanda tsufa ya bayyana a jikinsa ba tare da an ɓoye da fenti ba. Sunansa Sans Pareil, da Faransanci ke nan, ma'anarsa babu kamarka. Hackworth ya ƙera shi a lokutan hutunsa da ɗan abin da yake da shi, don gasar da aka yi a Rainhill a watan Oktoba na 1829, inda masu layin Liverpool zuwa Manchester suka sa ladan fam 500 ga injin da ya fi. Alƙalai sun ce ya ɗara nauyin da aka ƙayyade wa mai ƙafa huɗu, amma suka bar shi ya gwada, ya kuwa yi gudu mai kyau kafin famfon ruwansa ya tsaya, ga kuma silinda ɗaya a tsage tana zubar da tururi. Rocket na gidan Stephenson ya lashe gasar. Abin da ya sa zancen bai mutu ba a Shildon har yau shi ne, silindar da ta tsage a masana'antar Robert Stephenson, ɗan George, aka zuba ta, wato a gidan abokin takara. Na tambayi dattijon ko yana ganin da gangan ne, sai ya yi murmushi ya ce shi dai mai walda ne, ba alƙali ba, amma a garinsu ba a rasa mai ba da amsa idan dare ya yi.

A nawa ganin zargin ba shi da ƙarfi, domin zubin ƙarfe a wancan zamani yakan fito da aibi ko ba da mugun nufi ba, kuma tukunyar Rocket mai bututu da yawa ta fi ta Hackworth dabara, ita ce ma duniya ta bi daga baya. Amma na fahimci abin da ke ci wa mutanen garin rai. Mu a gida mukan ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma ko da yake Stephenson ba gardin banza ba ne, ya yi aikinsa ya kuma cancanci sunansa, yaran makaranta a duk duniya sun san shi, alhali mutumin da ya kwana shekara goma sha biyar a ƙarƙashin injinan yana ɗinke ɓarakarsu sai ka zo Shildon ka ji labarinsa. Shi Sans Pareil ɗin da ya faɗi gasa bai tafi juji ba, kamfanin ya saye shi, ya yi aiki a layin Bolton har 1844. Daga masana'antar Hackworth ta Soho kuma, a 1836, aka aika kan jirgi zuwa Rasha don layinta na farko kusa da Saint Petersburg, ɗansa John Wesley Hackworth mai shekara 16 ne ya raka shi ya haɗa shi a can. Wani mai suna Samson da aka ƙera a 1838 aka tura Kanada yana nan a ajiye a lardin Nova Scotia.

Sauran manyan jiragen rumfar farko na bi su da sauri. Akwai shuɗin Deltic na 1955, gwajin farko na wani jinsin injin dizal mai ƙarfi, akwai jirgin gwaji mai karkata jiki a kwana don kada ya rage gudu, akwai taragun sarauta masu labule da kujerun alfarma. Duk suna sheƙi, kuma yara sun fi taruwa a wurinsu.

Sabuwar rumfar ce ta riƙe ni, domin galibinta taragun kaya ne, waɗanda mu muke kira wagunu, kuma su ne ainihin abincin garin. Bayan rasuwar Hackworth a 1850 ƙirar kan jirgi ta koma Darlington sannu a hankali, Shildon ta zama garin wagunu, tana ƙera sababbi tana gyara tsofaffi, har layukan ajiye taragu da ke gefen garin suka kai tsawon mil 27 idan aka haɗa su, mafi girma a duniya a zamaninsu. Filin da rumfunan gidan tarihin suke a kai yanzu wani yanki ne na waɗannan layuka. Dattijon ya tsaya a gaban wani wagunu mai ruwan toka, mai siffar mazurari, ya dafa shi da tafin hannu. Irinsa ne aka ƙera fiye da 11,000 daga tsakiyar shekarun 1960, kusan dukkansu a Shildon, don kai kwal daga mahaƙa zuwa tashoshin wutar lantarki, kuma an tsara su ne yadda za a cika su a kuma zazzage su jirgi yana tafiya a hankali ba tare da ya tsaya ba. Ya nuna mini layin walda a gindin mazurarin, ya ce ba zai rantse cewa nasa ba ne, amma ba zai rantse cewa ba nasa ba ne. Ya shiga masana'antar yana ɗan shekara 16, a bayan ubansa da kakansa, kuma ya ce a lokacin ba a bukatar agogo a garin, jiniyar wurin aiki ce take tayar da kowa, ita ce kuma take gaya wa mata lokacin ɗora tukunya.

A 1975 an yi gagarumin biki a nan na cikar layin shekara 150, jiragen tururi suka yi jerin gwano daga cikin masana'antar, dubban ɗaruruwan mutane suka zo kallo. Shekara bakwai bayan haka, a watan Afrilu na 1982, hukumar jiragen ƙasa ta sanar cewa za ta rufe wurin, wanda yake ɗauke da ma'aikata kusan 2,600 a garin da bai kai mutum dubu goma sha biyar ba. Ma'aikata da iyalansu suka yi zanga-zanga har Landan, aka ɗaga musu ƙafa na ɗan lokaci, amma a ƙarshen watan Yuni na 1984 aka kashe wuta, daidai lokacin da mahaƙan kwal na ƙasar suke tsakiyar yajin aikinsu na shekara guda. Dakon kaya ya koma kan manyan motoci, kwal ɗin da aka gina garin dominsa yana kan hanyar mutuwa, wagunan da suka ƙera kuma sun yi ƙarkon da ba a bukatar sababbi da yawa. Dattijon bai ɗaga murya ba da yake faɗin wannan, ya ce dai shi ya yi sa'a ya samu aiki a wani gari yana zuwa yana dawowa, wasu abokansa kuwa ba su sāke karɓar albashi ba har suka mutu.

Da azahar na fito na bi hanyar da ta wuce tasha zuwa tsohon ɓangaren. A hannun dama akwai wani dogon gini na dutse mai bakuna kamar na gada, wanda aka gina wajen 1847 don shayar da jirage kwal: ana tura wagunu ta gangare zuwa samansa, a buɗe gindinsa, kwal ya zubo ta mazurari kai tsaye cikin jirgin da ke jira a ƙasa. Ya yi aiki har 1935. A gindinsa na samu wuri mai ciyawa da iska ba ta kai wa, na shimfiɗa rigar sanyina na yi salla, wata tsohuwa mai jan kare ta kauce ta ba ni wuri ba tare da ta ce komai ba. Gaba kaɗan ga gidan Hackworth, ginin dutse mai hawa biyu marar ado, ƙofarsa tana kallon wurin da masana'antarsa take, ta yadda daga tagar ɗakinsa zai iya jin ko guduma ta tsaya. Daga waje na kewaya shi. Kusa da shi akwai tsohuwar rumfar Soho mai dogon bututun hayaƙi, da cocin Methodist da ma'aikata suka riƙa cikawa.

A nan ne na taka wani guntun tsohon dogo na tsaya ina auna faɗinsa da ido. Stephenson ya ɗauko ma'aunin ƙafa 4 da inci 8 ne daga hanyoyin amalanken mahaƙan kwal da ya saba da su, daga baya aka ƙara rabin inci don ƙafafu su samu walwala a kwana, kuma wannan ma'auni na milimita 1,435 shi ne fiye da rabin layukan duniya suke kai a yau. Dogon da ya iso Kano a 1911, wanda kakana ya yi wa hidima, ƙafa 3 da inci 6 ne, Turawa sun zaɓi siriri saboda ya fi arhar shimfiɗawa. Sai a 2016, da aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna, jirgin fasinja ya fara gudu a Arewa a kan faɗin da ya fito daga wannan yanki na Ingila. Na shiga wannan jirgi sau da dama ban taɓa kawo haka a raina ba.

Ragowar la'asar na hau tudu zuwa tsakiyar gari. Titin kasuwar gajere ne, shaguna da dama a rufe, waɗanda suke buɗe kuma na kayan gwanjo ne da na aski da na soyayyen kifi da dankali, inda na sayi abin da na ci a tsaye. Akwai wurin shaƙatawa mai sunan Hackworth da mutum-mutuminsa, kabarinsa kuma yana harabar cocin Saint John. Allunan shigowa garin suna kiransa mahaifar jirgin ƙasa, kuma da wannan kirari ne suka yi ta ja-in-ja da mutanen Darlington, waɗanda Locomotion ya zauna a wurinsu fiye da shekara 160 kafin a kawo shi Shildon a watan Maris na 2021. Darlington ta ce da kuɗinta aka yi layin, Shildon ta ce daga ƙofarta aka tashi kuma a hannunta injin ya rayu. Na ga kowanne yana da gaskiyarsa, sai dai na lura cewa baƙin da ke cika filin ajiye motoci na gidan tarihin kaɗan ne daga cikinsu suke hawa tudun nan su sayi ko da shayi.

Ina jiran jirgin komawa a dandamali na kira Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda shi ne ya riƙa kai wa kakana abinci Loko yana yaro, kuma a hannunsa sufanun tsohon suke har yanzu. Bayan mun gaisa na ce, "Kawu, yau na ga kakan jiragen Baba." Na ba shi labarin ƙafar nan mai turakun katako, ya sa na maimaita masa sau biyu, sa'an nan ya ce ai dabarar masu turmi ce, a sauya bakin da ya ci a bar gindin. Ya tambaye ni ko ana hura musu wuta, na ce akwai wanda ake tayarwa a ranakun biki yana ɗaukar yara a ɗan gajeren layi, amma ban dace da shi ba.

"To ƙasan rumfar fa," in ji shi, "akwai baƙin mai?"

Na ce masa ƙasan a share yake tas, mutum zai iya zama a kai da fararen kaya.

Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Allah Sarki, ɗana, to ai ba Loko ka je ba, ɗakin amarya aka kai ka." Ya ce in turo masa hoton ƙafar, ba na jirgin duka ba, kuma in tabbatar turakun sun fito sosai. Ina cikin neman hoton a waya sigina ta sauya, ƙaramin jirgin mai tarago biyu ya fito daga ramin da ke ƙarƙashin garin da fitilunsa a kunne.